Jirgin Auta

Saƙon ya shigo ne ranar Talata da hantsi. Mai Gyara yana zaune a ƙofar shagonsa, ya kwance dutsen gugar wata mata yana neman inda ya ƙone, sai salularsa ta yi ƙara a aljihu. Ya goge hannu a jikin wando ya ciro ta. Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda take aikin inji a jirgin ruwan dakon kaya. Shekara uku ke nan rabonta da gida. Murya ta aiko, don ta san idonsa ya daina jituwa da ƙananan baƙaƙe.

"Baba, ranar Asabar jirginmu zai tsaya a tashar da ta fi kusa da ku, za mu sauke kaya. An ce za a ba mu awa shida mu fita. Na san akwai nisa, ba cewa na yi ka zo ba. Na dai gaya maka ne."

Sau uku ya saurara. Tashar da ta kira ta kusa tafiyar yini guda ce cur a mota, shi kuwa tun da yake bai taɓa ganin teku ba. Ya tattara notinan dutsen gugar ya zuba a murfin gwangwani, ya ja ƙofar shago, ya hau sama wurin matarsa. Tana zaune a kujerarta ta gefen taga, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo a kan matashi. Ya kunna mata.

"Kin ji ai," in ji shi. "Ta ce ba cewa ta yi in zo ba."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Shekara nawa kana zaune da mata a gidan nan, har yau ba ka iya jin magana ba? To me take cewa in ba ka zo ba? Ni da gwiwar nan za ta bar ni, da yanzu ina tasha."

Kwana biyu ta yi tana haɗa ƙunshi. Kwalbar zuma, busasshen nama, safa ƙafa uku da ta saƙa da hannunta, man zafi, da hoton jaririn yayan Auta, jaririn da Autan ba ta taɓa riƙewa ba. Ta naɗe duka a leda biyu, ta ɗaure da igiya kamar mai ɗaure ɓarawo. Ranar Juma'a da sassafe babban ɗansu ya kai shi tashar mota, ya nema masa kujerar taga, ya yi ta jaddada masa kada ya sauka inda ba a ce a sauka ba.

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni?" in ji Mai Gyara.

Motar ta fita gari. Ya rungume ƙunshin a cinya, gidaje suka ragu, gonaki suka miƙe, tunani ya ɗauke shi.

Duk cikin 'ya'yansa huɗu babu wanda ya zo duniya da tsoro irin Auta. Tana tsoron balan-balan, tun kafin ya fashe. Tana tsoron injin askin maƙwabcinsu, in an kunna shi sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin teburin shago. Tana tsoron ramin da ruwa ke bi a banɗaki, ta ce zai zuƙe ta, har sai da uwarta ta riƙa rufe shi da murfin tukunya kafin a yi wanka. Akwai wata agwagwa a bayan gidan da ta hana ta sakat shekara guda. Kuma ita ba ta gudu in ta tsorata. Zuwa take ta zura hannu a aljihun wandonsa ta damƙe, duk inda ya nufa tana maƙale. Shekaru ya yi yana tafiya a karkace, uwar kuwa ta gaji da ɗinke aljihu.

Amma babban abokin gabarta fankar sama ce ta ɗakin zama. Ko a kashe take, Auta ba ta ratsa tsakiyar ɗakin, sai dai ta bi jikin bango idonta na sama. In aka kunna kuwa, ihun da za ta yi sai mutanen ƙasa sun hawo tambaya. Haka suka yi wata biyu na tsananin zafi babu fanka. Yayanta, yana ɗan shekara tara lokacin, ya zo ya tsaya gabansa gumi na zuba, ya ce, "Baba, don Allah a mayar da yarinyar nan inda aka samo ta."

Wata ranar hutu Mai Gyara ya ɗauko tsani ya sauke fankar. Ya shimfiɗa tabarma, ya cire fukafukan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe cikinta. Bai kira Auta ba. Tana laɓe a bayan labule, sai ƙafafunta ake gani. Can ta leƙo. Can ta matso da rarrafe, ta tsaya daidai bayansa tana numfashi a wuyansa. Ya nuna mata wayar tagulla da aka nannaɗe, da ƙarfen da ke juyawa a tsakiya, da ƙurar da ta taru.

"Ina bakinta?" ta tambaya.

"Ba ta da baki."

"To da me take kuka?"

Shekararta huɗu lokacin. Sai ya miƙa mata sukudireba ya ce ta riƙe masa. Ba ranar tsoron ya tafi ba, ta ƙara watanni tana bin bango. Abin da ya faru dai shi ne, daga ranar babu abin da ke da noti a gidan da ya sake samun zaman lafiya. Ta kwance agogon uwarta. Ta kwance rediyon yayanta, ya yi kwana uku ba ya mata magana. Tana shekara bakwai ta kwance makullin ƙofar ɗaki daga ciki, ƙofar ta ƙi buɗuwa, sai ta taga aka zura mata filaya yana gaya mata abin da za ta yi. Da ta fito, uwar na jira da faɗa a baki, ita kuwa fuskarta fal murna, ta ce, "Baba, ashe ɗan ƙaramin ƙarfe ne yake tsare mu duka!"

Motar ta tsaya a wani gari aka ce a sauka a ci abinci. Ya sauka da ƙunshinsa, ya sha shayi a tsaye, ya dawo kujerarsa kafin kowa. Matar da ke gefensa, mai goyo, ta tambaye shi ko asibiti za shi, ganin yadda yake riƙe da kayan.

"Wurin 'yata zan je," ya ce. "Injiniya ce a jirgin ruwa."

"Mace?"

"Mace," ya ce, ya gyara zama.

Ba kai tsaye Auta ta kai ga jirgin ba. Tana shekara goma ta kamu da son tattabaru, ya ƙera mata akurki a saman bene, kafin shekara ta zagayo ta ba wa ɗan maƙwabta su duka. Sai ta koma taswira. Ta manna wata babba a bangon ɗakinsu, ta haddace sunayen garuruwan da ba wanda ya taɓa ji, a wurin cin abinci ta riƙa yi wa mutane jarrabawa har yayyenta suka fara guduwa da kwanonsu. Ya ɗauka wannan ma zai wuce, ya kuwa wuce, amma taswirar ta zauna a bangon. Wanda bai wuce ba shi ne inji. Janaretan gidan burodin layinsu ya lalace tana shekara goma sha huɗu, makanike ya zo, ta tsaya a kansa yini guda. Ta dawo gida baƙi ƙirin har gwiwar hannu, tana warin man dizal, idonta na ƙyalli. Shi mai gyaran fanka ne da dutsen guga da tukunyar lantarki. Ranar ya gane kayan shagonsa sun yi mata kaɗan.

Da ta gama sakandare ta kawo masa takardar makarantar koyon aikin jiragen ruwa, dariya ya yi har da tari.

"Ke? Ke da ko a baho sai an riƙe miki hannu?"

"Baba, ɗakin inji a can ƙasan jirgi yake. Ni ko ruwan ba zan gani ba."

Ya sa hannu a takardar yana ganin ba za a ɗauke ta ba. Aka ɗauke ta. Sati uku da tafiyarta ta kira shi da rana tsaka, muryarta na rawa irin ta da. Ta ce an ce kowa sai ya yi tsalle daga wani dogon dandamali ya faɗa ruwa mai zurfi, wanda bai yi ba za a sallame shi. Sau biyu tana hawa tana saukowa. Zuciyarsa ta karye. Har cikin ransa kuma, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, ya ji wani ɗan daɗi, don ga ta ta sake nemansa.

"Ki dawo gida, Auta," ya ce. "Ba dole. Ga shago nan."

Ta ce, "To, Baba," ta kashe. Bayan kwana biyu yayanta ya gaya masa ta yi tsallen. Wata guda ta yi ba ta kira shi ba, sai uwarta. Da ta dawo kiran, ba ta tada maganar ba, shi ma bai tada ba. Amma tun daga lokacin ba ta sake gaya masa tana jin tsoron wani abu ba. Labarin guguwar da ta taɓa kama su a tsakiyar teku ma a bakin uwarta ya ji, bayan wata shida.

Sai da rana ta faɗi motarsu ta isa garin bakin tekun. Ya kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tashar mota, gari na wayewa ya yi wanka, ya sa sabuwar rigar da ya ajiye, ya hau ɗan tasi zuwa tashar jiragen ruwa.

Bai ga ruwa ba da ya sauka. Katanga ya gani doguwa, da manyan motoci a jere, da akwatunan ƙarfe an ɗora su kamar gidaje, da ƙugiyoyin ɗaukar kaya da suka fi kowane bene tsawo. A bakin ƙofa akwai wani mai gadi mai tumbi da furfura a gemu. Mai gadin ya duba sunan jirgin a wata takarda da babban ɗan Mai Gyara ya rubuta, ya nuna masa wani ofis mai gilashi. Wata ma'aikaciya ta danna na'urarta, ta ɗan ɓata fuska, ta sake dannawa.

"Baba, jirgin ya iso tun jiya. Amma ƙugiyar wurin da zai tsaya ta lalace, gyaranta zai ɗauki kwanaki. An ce ya wuce wata tashar ya sauke a can. Da la'asar zai tashi."

"To mutanen ciki fa? Awa shida aka ce."

"Ba wanda zai sauko. Yana can waje, a kan ruwa."

"Ba a kai mutum?"

"Akwai ƙaramin jirgi da zai kai musu kayan abinci da azahar. Amma ba a ɗaukar kowa sai mai takarda. Ka yi haƙuri, Baba. In saƙo ne, kawo in sa a ciki."

Ya ba ta ƙunshin. Hannunsa ya zama wayam, ya rasa inda zai sa shi. Ya fito ya zauna a kan wani dutse kusa da ƙofa. A nan salular ta yi ƙara.

"Baba, kada dai ka ce min ka taso."

"Ina ƙofar tashar."

Ya ji ta ja numfashi. "Wayyo, Baba. Tun jiya nake neman layi in gaya maka, sai yanzu ya kama."

"Ba komai. Na sha iska. Na ga gari."

Mai gadin nan ashe yana jin su. Ya taso yana jan ƙafa, ya ce, "Malam, 'yarka ce a ciki? Tashi. Ka bi katangar nan har ƙarshenta, za ka ga duwatsu sun shiga cikin ruwa, inda masu ƙugiyar kifi ke zama. Daga can ana hango su duka." Ya shiga ɗakinsa ya fito da madubin hangen nesa, tsoho, an ɗaure gefe ɗaya da salatif. "Ka dawo min da shi. Na ofis ne, in ya ɓata ni da kai za a kora, kai ko aikin ba ka yi."

Mai Gyara ya bi katangar. Da ta ƙare, sai ga teku. Ya tsaya cak. Ya sha gani a talabijin, amma ba wanda ya gaya masa tana da wari, kuma ba ta yin shiru. Ya taka duwatsun a hankali, iska na cika masa riga, har ya kai inda wasu mutum biyu ke zaune da sandunan kamun kifi. Can nesa jirage ne a jere, guda bakwai ko takwas, kowanne kamar akwatin ashana.

Ya kira ta. "Ga ni a kan duwatsun. Wanne ne naku?"

"Ka ga hasumiyar fitila? Ka ƙirgo daga ita, na uku. Baƙi ne, da jan layi a ƙasa. Bari in hau sama, kada ka kashe."

Ya ji takunta a kan matakalar ƙarfe, tana haki, ƙofa ta buɗe, iska ta cika wayar. Ya ɗora madubin a ido, ya ga sama, ya ga ruwa, ya ga jirgin da ba shi ba. Ɗaya daga masu kifin ya taso ya murɗa masa wani abu a tsakiya, ya juya masa kafaɗa kaɗan. Sai ga baƙin jirgin ya matso. A can baya, kusa da wani farin gini, wani ɗigo mai ruwan lemo yana motsi.

"Ka gan ni? Ina kaɗa rigar aiki."

"Na gan ki," ya ce. Ya gyara riƙon madubin. "Na gan ki, Auta."

Ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Ba fuska, ba ido, sai dai tsayuwar. Tsayuwar kuwa tata ce, ƙafa a ware, kai a ɗan karkace.

"Na aro madubin kyaftin, ya fi naka ƙarfi. Ɗaga hannu in gani. Kai, Baba! Wannan furfurar fa? Yaushe aka yi haka?"

"Tun da kika tafi ba mai kwance min kaya, sai na samu lokacin tsufa."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Sabuwar riga ka sa."

"Tsohuwa ce."

"Ga layin guga nan ina gani."

Suka yi ta magana. Ta tambayi gwiwar uwarta, da jaririn, da mai askin da ya rasu bara. Ta ba shi labarin injinta, ta ce tsawonsa ya kai bene uku, mutum na iya shiga cikinsa ya tsaya. Ta ce akwai wani famfo da ya wahalar da su sati biyu, ita ta gano matsalar da kunne kawai. Ya so ya ce mata wani abu game da ranar nan da ya ce ta dawo gida. Ya juya maganar a baki, ya kasa samun bakin zarenta. Abin da ya fito shi ne, "Ana ba ku abinci sosai?"

"Sosai, Baba. Saura wata biyar kwangilata ta ƙare. Wannan karon gida zan zo, ba zan ƙara ba."

"Haka kika ce bara."

"Wannan karon da gaske."

Da azahar ya ga ƙaramin jirgin ya fita yana tsalle a kan ruwa, ya je ya manne a gefen babban. Aka sauko da raga, aka ja kaya sama. Can ta kira shi, bakinta cike. "Ka ce wa Mama igiyar nan sai da na sa wuƙa." Daga nan aka kira ta ƙasa, don za a tada inji. Ta ce in ya ga hayaƙi ya fito, hannunta ne.

Ya zauna a kan dutse yana jira. Masu kifin suka ba shi ruwa ya sha. Wajen la'asar baƙin hayaƙi ya tashi daga bututun jirgin, ya koma fari-fari. Jirgin ya juya a hankali kamar ba ya so, ya ba shi baya. Ya bi shi da madubin har idonsa ya fara ruwa, ya sauke ya goge, da ya mayar bai sake samunsa ba.

Ya mayar wa mai gadi kayansa, ya yi masa godiya. Mutumin ya ce, "Ka ganta?" Ya ce ya gani. "To ai ka fi wasu," in ji shi, ya koma kujerarsa.

Washegari da yamma ya isa gida. Tun yana matakala ya ji muryar matarsa tana cewa a buɗe masa. Ba ta bari ya cire takalmi ba.

"Yaya take? Ta rame?"

"Ta yi ƙiba. Ta yi kyau."

"Ƙarya kake. Ta gaya min a waya ko fuskarta ba ka gani ba."

Ya zauna a bakin gado, gajiyar kwana uku ta sauko masa gaba ɗaya. "To me kike so in ce miki?"

"Abin da ka gani. Daga farko. Kada ka tsallake komai."

Ya fara daga ƙofar tashar. Ya faɗi mai gadi, da duwatsun, da warin ruwan, da yadda jirgin yake, da rigar da ta kaɗa. Tana saurare ido a rufe, hannunta a kan gwiwa.

"Da wane hannu ta kaɗa?"

Ya yi tunani. "Dama, ina ji."

Ta buɗe ido. "Auta bahaguwa ce, Malam. Kai ka haife ta."

"To hagun ne."

"Ba ka duba da kyau ba ke nan," ta ce, ta goge ido da gefen mayafi. "Je ka wanke ƙafa ka ci abinci. In ka gama ka sake ba ni, a hankali."